Wadari Kafin Saƙa: Yadda Za Ka Ƙulla Zaren Labarinka Cikin Mako Guda

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini littattafan rubutu guda uku, cike maƙil da rubutun hannu. Ta ce labari ne ta fara tun tana aji biyar a sakandare, ga shi tana shirin gama jami'a, labarin ya ƙi ƙarewa. Na zauna na karanta. Hausarta garau, taurarinta in suna magana kamar kana zaune tare da su a tsakar gida. Da na tambaye ta inda yarinyar labarin za ta ƙare, sai ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ni ma jira nake in gani." Shekara shida ke nan tana jira.

Ba ita kaɗai ba ce. Da yawa daga cikin masu sha'awar ƙagaggen labari a nan Sakkwato suna da harshe, suna da ido, amma sukan hau saƙa ba su yi wadari ba. Masaƙi kuwa ba ya ɗaukar ƙoshiya sai ya kafa turaku, ya ja zare, ya san tsawon abin da zai saƙa. A labari, wannan shi ne abin da malaman adabi suke kira zubi da tsari: me ya faru, me ya jawo shi, me ya biyo baya. Ana iya gama shi cikin kwana bakwai, awa ɗaya ko biyu a kullum, muddin an ɗauki shawarwarin ɗaya bayan ɗaya, an kuma bar abin da lokacinsa bai yi ba. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, ko da yake mata ne suka fi riƙe wannan fage.

Kayan aikin ba su da yawa: sabon littafin rubutu, biro, tabarma, da kwali da za ka yayyanka gida arba'in, kowane yanki kamar tafin hannu. Waya ba ta dace da wannan aiki ba, domin ɗan yanki kawai take nuna maka, kai kuwa so kake ka ga labarin gaba ɗaya a shimfiɗe. Lokaci kuma, bayan asuba ya fi. Duk wanda ya yi bazara a garin nan, sa'ad da zafi yake haura digiri 40, ya san da tsakar rana ba a neman tunani mai zurfi.

Rana ta farko: mutum ɗaya, buƙata ɗaya, da abin da za ta ci masa

Kada ka fara da jigo. Wasu sukan ce, "Zan yi rubutu a kan illar cin amana," sannan su shiga neman mutanen da za su ɗora wa wa'azin. Irin wannan labari tun shafi na goma mai karatu ya hango masauki. Fara da mutum, jigon zai biyo shi da kansa.

Tambaya uku ce aikin yau. Wane ne? Me yake so? Me zai rasa kafin ya samu?

Amsar ta biyu dole ta zama abin da ido zai iya gani. "Tana son farin ciki" ba buƙata ba ce da za a gina babi ashirin a kanta, don ba wanda zai iya nuna ranar da ta samu. "Tana son ta karɓi takardar shaidar digirinta" kuwa, akwai rana, akwai wuri, akwai kuɗin da za a biya.

Bari in ƙirƙiro misali, mu tafi da shi har ƙarshe. Kulu, 'yar shekara 23, ɗalibar aji uku a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifinta manomin albasa ne a ƙasar Kware. Allah ya yi masa rasuwa. Tana neman katin asibitinsa sai ta tarar da wata takarda a cikin gafakarsa, da ajami, rubutun hannunsa. Fadamar da take ciyar da gidan, wadda da kuɗin albasarta ake biya wa Kulu makaranta, ashe ba tasa ba ce. Amininsa ne ya bar masa amana, ya riƙe wa ɗansa har ya mallaki hankalinsa. Yaron ya girma, Modi, yana kabu-kabu a cikin gari, bai san yana da ko taki ɗaya na ƙasa ba.

Kulu tana son ta gama karatu, tana son gidansu ya tsaya da ƙafarsa. In ta yi shiru ta samu duka biyun, amma ta ci dukiyar maraya, ta kuma bar mahaifinta da nauyi a kabari. In ta yi magana, fadama ta tafi, karatu ya tsaya, sunan mamaci ya shiga bakin mutane. Gaba kura, baya sayaki.

A nan nake son ka daɗe, ko da zai ci maka safiyar duka. Gwada buƙatar tauraronka da wannan ma'auni: shin ɓangarorin biyu duk suna da daraja a idon mai karatu? In ɗaya fari ne fat, ɗaya baƙi ƙirin, babu zaɓi, kuma in babu zaɓi babu labari, sai jiran gawon shanu. Mai karatun Kulu ya san hukuncin cin dukiyar maraya tun yana makarantar allo. Ya kuma san abin da ake nufi a ce 'ya mace ta kai aji uku a jami'a daga gidan manomi. Shi ya sa zai kasa ajiye littafin.

Kafin ka tashi, dunƙule komai cikin jimla ɗaya, ka rubuta ta a shafin farko: "Kulu tana son ta gama karatu da kuɗin fadamar mahaifinta, amma ta gano fadamar ta maraya ce, kuma da zarar mahaifiyarta ta fita takaba za a raba gado a sayar." In jimlarka ta ƙi tsayawa sai da layi goma, labari biyu ko uku ne suka cakuɗe. Zaɓi ɗaya, sauran ka rubuta su a bayan littafin, ba za su gudu ba.

Rana ta biyu: ƙarshen labari, da mutumin da ya tare hanya

Yau za ka rubuta fitowa ta ƙarshe, wato zaman da za a rufe labarin da shi, layi biyar kacal. Na san akwai masu cewa in sun san ƙarshe daɗin rubutun ya tafi. Ban yarda ba. Wanda zai je Illela ya san Illela za shi, wannan bai hana shi ganin abin mamaki a hanya ba, ya dai hana shi wayar gari a Tambuwal.

Amsa waɗannan: ta samu abin da take so ko ba ta samu ba? Me ta biya? Me ya sauya a zuciyarta? Ga nawa zaɓin. Ranar rabon gado, a zaure, gaban malamin da aka kira ya yi rabon, Kulu ta faɗi abin da ta sani. Fadama ta koma hannun Modi. Ta jingine karatu, ta kama koyarwa a wata makarantar Islamiyya don ta tara kuɗin komawa. Ba mu ga ta karɓi digiri ba, mun dai ga ta yi barci a daren nan, abin da ta yi wata huɗu ba ta samu ba.

Zuciya za ta raya maka ka aura wa Modi Kulu, fadama ta dawo gida, kowa ya yi murna. Kada ka yi. Ka sa ta biya farashi a gaban mai karatu, sannan ka zagaya ta bayan gida ka mayar mata da kuɗinta. Mai karatu yana gane wannan, ko bai iya faɗin abin da ya dame shi ba, zai ji an yi masa wayo.

Sai wanda ya tare hanya. A nan Baffa ne, ƙanen mahaifinta, wanda nauyin gidan ya koma wuyansa: baki goma sha ɗaya, ga bashin taki, ga na man injin ban ruwa. Ɗauki rabin shafi ka bar shi ya kare kansa da bakinsa, da irin harshen da zai yi magana da shi a gida:

"Ke ɗiyag ga, mi kika so mu ci in an ɗauke hwadamag ga? Ubanki ya riƙe ta shekara ashirin bai ce komi ba. Ke ag gwanar tsoron Allah?"

In ka rubuta wannan ka ji kai ma ka rasa amsar da za ka ba shi nan take, ka sami abokin karawa na gaske. Mugu don mugunta kawai, irin kishiyar da ba ta da aiki sai zaryar gidan boka daga babi na ɗaya zuwa na ƙarshe, ba ya tsorata kowa, don an san yadda zai ƙare.

Taurari kada su wuce biyar a wannan mataki. Kulu, Baffa, Inna, Modi, da wani dattijo da za mu zo kansa. Ƙawaye da 'yan rakiya za su shigo da kansu lokacin rubutu.

Rana ta uku: kafa turaku biyar

Tsakanin jimlar ranar farko da fitowar ƙarshe akwai wurare biyar da labarin yake karya kwana. Su ne turakun.

Na farko shi ne dutsen da aka jefa cikin ruwa, wato ganin takardar. Ya zo da wuri, cikin babi na ɗaya ko na biyu. Akwai wata al'ada da ta yi mana katutu: a buɗe labari da fitowa guda, sannan a ce "Wace ce Kulu?" a koma kan kakanta, da yadda ya baro ƙauye, da matansa huɗu da 'ya'yan kowacce, shafi talatin. Tarihin gidan yana da amfani a gare ka, kai marubuci. Mai karatu kuwa a ba shi kaɗan-kaɗan, a daidai inda yake buƙata.

Na biyu, ƙofar da in an shiga ba a komowa. Kulu ta nemi Modi don ta ga ko wane ne. Ta hau mashin ɗinsa daga Runjin Sambo ba tare da ya san ta ba, a hanya ta ji yana jinyar mahaifiyarsa a ɗakin haya a Mabera. Yanzu marayan ya tashi daga suna a takarda ya zama mutum mai fuska. A daren ta kai wa Baffa takardar. Daga nan ba wanda zai iya cewa bai sani ba.

Na uku yana tsakiyar littafi, kuma shi ne wanda aka fi mantawa, shi ya sa labarai da yawa suke yin laushi a ciki kamar katifar da ta tsufa. A tsakiya ana buƙatar wani abu da zai sauya ma'anar duk abin da ya gabata. Kulu ta shiga ɗakin Inna, mai takaba, don ta nemi goyon baya, sai ta gane Inna ta sani. A gabanta aka ba da amanar. Yanzu maganar ta wuce ta Baffa. In Kulu ta buɗe baki, uwarta za ta tona.

Na huɗu, faɗuwa ƙasa warwas. Baffa ya ƙone takardar. Mai sayen fadama ya ba da kafin alƙalami, an kashe rabi a biyan bashi. Inna ta daina yi mata magana. Jarrabawa ta ƙarato, kuɗin da za ta koma makaranta da su daga cikin kafin alƙalamin nan ne, kuma ta karɓa.

Na biyar shi ne ƙololuwa, ranar rabon gado. Tambayar ita ce, da me za ta yi magana tunda takarda ta zama toka? Amsar dole ta fito daga abin da ka riga ka shuka. Kulu ta karanta takardar nan har ta haddace ta, da sunayen shaidu biyu da suke ƙasanta. Ɗaya ya rasu, ɗaya yana raye a Wurno. Don haka sai ka koma babi na biyu ka dasa shi: wani dattijo ya zo ta'aziyya, ya daɗe zaune, ya dubi Baffa, ya tashi bai taɓa abincin da aka kawo masa ba. Mai karatu zai wuce wurin bai kula ba. Ranar da dattijon ya yi sallama a zaure, zai tuna. Wannan ita ce ribar sanin ƙarshe tun farko, kana iya komawa baya ka binne iri a inda kake son ya tsiro.

Rana ta huɗu da ta biyar: kwalaye a kan tabarma

Shimfiɗa tabarma. Rubuta turakun nan a kwalaye biyar, ka jera su da tazara a tsakani. Sauran talatin da biyar su ne fitowar da za su cike giɓin. A kowane kwali rubuta abu huɗu a taƙaice: wa da wa, a ina, me tauraro yake nema a wannan zama, me ya sauya kafin a tashi. In ba abin da ya sauya, kwalin ba shi da aiki. Hirar ƙawaye a ɗakin kwanan ɗalibai, komai daɗinta, in an shiga an fito Kulu tana nan inda take, ajiye ta gefe. Rabon kuma ba sai ya zo daidai ba. Kafin turke na farko kwali biyu ko uku sun isa, bayan na biyar ma haka. Nauyin yana tsakiya.

Yanzu ga gwajin da na fi dogara da shi. Mu Hausawa da "sai" muka tashi. "Sai Gizo ya tafi, sai ya gamu da kura, sai ta ce masa..." A tatsuniya wannan ya wadatar, domin kafin a kai "ƙurunƙus kan kusu" minti goma ne, ga murya, ga waƙa, ga dare. Hatta ƙagaggun labaranmu na farko, waɗanda suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, mafi yawansu a kan tafiya aka gina su, mutum ya bar gida yana gamuwa da abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma gajeru ne. Littafi mai tsawo da yake zaune a gida ɗaya, cikin dangi ɗaya, "sai" ba ta iya ɗaukarsa.

Karanta kwalayenka a jere, da ƙarfi, ka saurari kalmar da take shiga tsakanin kowane biyu. Dubi wannan jeri:

Kulu ta ga takarda. Sai ta koma makaranta. Sai ƙawarta ta yi biki. Sai Baffa ya yi rashin lafiya. Sai wani saurayi ya ce yana sonta.

Kana iya sauya musu wuri yadda ka ga dama, ba abin da zai lalace, kuma wannan ita ce alamar ba su riƙe juna ba. Dubi wannan kuma:

Kulu ta ga takarda, saboda haka ta nemi Modi. Ta ga halin da yake ciki, saboda haka ta kai wa Baffa maganar. Amma Baffa ya riga ya yi wa mai saye alkawari, saboda haka ya matso da cinikin kusa. Saboda haka ta ruga wurin Inna, amma Inna ta sani tun tuni.

Cire ɗaya ka ga yadda sauran za su zube. Duk inda ka ji "sai" kawai ce take shiga, tsaya ka tambayi kanka: me zan sauya don kwalin baya ya zama shi ya haifi na gaba, ko kuma na gaba ya zo ya tare na baya? Sau da yawa gyaran ƙarami ne. Rashin lafiyar Baffa, alal misali, in ta zo ne washegarin ranar da ya ƙone takarda, kuma ta cinye ragowar kafin alƙalami, ta shiga sarƙar.

In ka maƙale, kwalaye sun ƙi cika, akwai hanya biyu. Ta farko, bar Kulu ka koma wurin Baffa: da ni ne shi, na ji abin da ta yi jiya, me zan yi da safe? Yawancin giɓi yana samuwa ne don marubuci ya bar abokin karawa zaune yana jira a zo a same shi. Ta biyu, faro daga ƙarshe ka yo baya. Kafin dattijo ya zo zaure, dole wani ya je Wurno. Kafin Kulu ta je Wurno, dole ta sami kuɗin mota da dalilin da za ta faɗa a gida. Kafin dattijon ya yarda ya zo, dole mu san abin da ya rufe masa baki shekara ashirin. Ka ga kwali uku sun samu ke nan.

Akwai magana ɗaya da nake faɗa da nauyi. Mun yi imani da ƙaddara, kuma a rayuwa abubuwa suna faɗowa katsaham. To amma Allah yana tafiyar da al'amura da sababi, kuma sababin nan shi mai karatu ya zo gani. Katsaham tana iya jefa tauraro cikin matsala, wannan ba laifi. Fitar da shi kuwa sai da hannunsa. Hatsarin motar da zai kashe Baffa ana saura kwana ɗaya rabon gado, ko mafarkin da zai nuna wa Modi gonarsa, ko attajirin da zai ɓullo ya biya wa kowa bashi, duk hanyoyin tsira ne na marubucin da ya gaji. Suna raba Kulu da zaɓin da muka bi ta shafi ɗari don mu ga ta yi.

Zare na biyu, wato ƙaramin labarin da yake tafiya a gefen babban, in kana so, guda ɗaya ya isa, kuma ka rubuta kwalayensa da jan biro don ka ga yadda ya bazu. Wataƙila akwai mai neman auren Kulu, ɗan mai sayen fadamar. Sharaɗin shi ne ya taɓa babban zaren, ya ƙara masa nauyi.

Kafin ka naɗe tabarma, sa wa kowane kwali wata. Labarin Kulu yana da agogonsa a ciki: takaba wata huɗu da kwana goma ce. In mahaifin ya rasu a Fabrairu, lokacin da ake cire albasa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, to tsakiyar labarin zai faɗo cikin zafin Afrilu, rabon gado kuma ya zo a Yuni, da saukar ruwan farko. Ka ga yanayi ya shiga aiki ba tare da ka yi wahala ba. Nemo wa labarinka irin wannan wa'adi: ranar ɗaurin aure, tashin maniyyata, jarrabawa, ranar komawa kotu. Shekara ma a tsayar da ita. In labarin ɗalibar jami'ar nan ya ratsa Satumbar 2010, ba za ka tsallake ambaliyar da ta karya gadar hanyar jami'a ba. In kafin 2001 ne, babu wayar salula a hannun mutane, kuma rabin rikicin da kiran waya ɗaya zai kashe yana nan da ransa. Kafin 1991 Birnin Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, Gusau kuma har 1996. Mai rubuta labarin tarihi, na zamanin kafuwar garin a 1809 ko na zuwan Turawa a 1903, zai buƙaci zama a Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, amma ba a makon nan ba. Duk inda kake buƙatar bincike, yi wa kwalin alamar tauraro ka wuce. Bincike yana da daɗi, kuma shi ya fi komai iya cinye wata uku ba a sani ba.

Rana ta shida: ba da labarin da baki

Nemi wanda ba marubuci ba, gwaggonka, ko ƙanwarka, ko abokin zamanka a teburin mai shayi. Ba shi labarin daga farko har ƙarshe cikin minti goma, ba tare da duba kwalaye ba. Inda ka manta abin da ya biyo baya, sarƙar ta yi rauni a wurin. Inda ka ji kana cewa "af, na manta ban gaya miki ba," akwai irin da ba ka shuka da wuri ba. Inda idon mai sauraro ya koma kan wayarsa, wurin ya yi tsawo.

Kada ka tambaya ko ya yi daɗi, kara za ta sa a ce maka ya yi. Tsaya a turke na huɗu ka yi shiru, kamar ka gama. In gwaggo ta ce, "To, daga nan sai anka yi ƙaƙa? Kak ka bar ni hakanan mana," wadarinka ya kama. Sannan ka tambaye ta wa ta fi jin haushi, wa ta fi tausaya wa, da abin da take zaton zai faru. In ta faɗi ƙarshenka daidai ba kuskure, koma ka duba turke na uku da na huɗu. In kuma ta ce ita Baffa take tausayi, kada ka firgita, alama ce ka ba shi haƙƙinsa.

Wasu suna tsoron a sace musu labari in sun faɗa. Zaɓi wanda ka amince da shi, shi ke nan. Ƙashin labari ba shi ne littafi ba, mutum goma za su ɗauki wannan na Kulu su fito da littafi goma da ba su yi kama da juna ba.

Rana ta bakwai: lissafi

Gyara abin da jiya ta nuna maka, ka sa wa kwalaye lamba, ka kwafe su cikin littafin rubutu don kada iska ko yara su watsa maka aiki. Kwali 40, kowanne kalma 1,000, ya ba ka littafi mai kalma 40,000. Kwali biyu a babi, babi 20 ke nan. In kana rubuta kwali ɗaya a rana, kwana 40 ka gama zubin farko. In harkoki sun yi yawa, rabin kwali a rana, kwana 80. Yanke babi a inda tambaya take rataye, kafin a ba da amsa. Masu sakin labari kashi-kashi ta WhatsApp su suka fi buƙatar wannan shiri, domin abin da ka riga ka saki ba ka iya komawa ka dasa dattijon Wurno a cikinsa.

Da ka fara rubutu, labarin zai ɗan kauce wa tsari. Inna za ta faɗi maganar da ba ka shirya ba, Modi zai ƙi zama salihin da ka zata. Bar su, ka sauya kwalayen da abin ya shafa. In dai turaku biyar suna nan a kafe, ci gaba. In turke ne da kansa ya motsa, dakatar da rubutu na kwana ɗaya, ka sake shimfiɗa tabarma, ka bi sarƙar daga wurin zuwa ƙarshe kafin ka ƙara ko layi ɗaya.

Kwali mai lamba ɗaya a labarin Kulu ga abin da yake ɗauke da shi: Kulu ita kaɗai, ɗakin mahaifinta, daren addu'ar bakwai, tana neman katin asibitinsa da Baffa ya ce a kawo, ta buɗe gafaka. Wata: Fabrairu. Ajiye naka kwalin na farko a gefen sabon shafi tun da dare, tare da biro, yadda in ka dawo daga masallaci da asuba za ka tarar da su suna jiranka.